Fiffike da Tankin Mai: Inda Ƙirar Jirgin Sama ta Hannu Take da Wuya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram, ko wani ƙauye na wannan yanki kamar Surko, ya san da zarar an gama girbi kara ya bushe sai yara su duƙufa ga ƙere-ƙere. Su ɓare bayan karan dawa, su yayyanka totuwarsa, su yi ta soke-soke har su haɗa mota ko keke ko jirgin sama. Jirgin kara kowane yaro ya san inda ake maƙala masa fikafikai, amma ba wanda yake sa rai ya tashi.

Akwai waɗanda wannan sha'awa ta bi su har girma. A shekarar 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibi mai karatun kimiyyar fizik a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya shafe wata takwas yana harhaɗa jirgi mai saukar ungulu a gida. Ya ɗauko injin motar Honda Civic mai ƙarfin doki 133, da kujerun wata tsohuwar Toyota, da tarkacen alminiyam, har da ɓaraguzan wani jirgin Boeing 747 da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai ba. Tun daga lokacin ba a daɗewa ba a ji labarin wani saurayi da ya yi irin wannan yunƙuri a wani gari ba, kuma tambayar farko da jama'a kan yi ita ce, "Injin me ya sa masa?"

Wannan tambaya ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da shi a Amurka ran 17 ga Disamba 1903, injinsa ƙarfin doki 12 ne kacal, wato kaɗan ya ɗara na baburan da ake acaɓa da su. Abin da suka yi wa sauran masu gwaji na zamaninsu zarra da shi shi ne, a 1901 sun ƙera wani akwati da suke hura iska cikinsa, suka gwada ƙananan siffofin fiffike wajen 200, suna aunawa suna rubutawa. Inji ja kurum yake yi, fiffike ke ɗaukar kaya. Saboda haka wannan maƙala za ta duba yadda ake haɗa fiffiken ƙaramin jirgi da tankin man da ke cikinsa, ta yin misali da wani jirgi da aka harhaɗa a nan Arewa.

Jirgin da aka haɗa a Kaduna

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera jirgin kansa, muddin shi ya yi mafi yawan aikin, kuma don neman ilmi ko sha'awa ya yi, ba don ciniki ba. Wannan ya sa aka sami kamfanoni masu sayar da taswirar jirgi tare da kayan haɗinsa cikin akwatuna. Ɗaya daga cikinsu shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda wani injiniya mai suna Richard VanGrunsven ya kafa. A 1988 kamfanin ya fito da wani jirgi mai kujera biyu da ƙafa uku da ake kira RV-6A, wanda dubban mutane suka haɗa shi da ɗan'uwansa RV-6 a garejin gidajensu, galibi cikin awa 2,000 na aiki ko fiye.

Da Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta nemi jirgin koyar da sababbin matuƙa wanda zai maye gurbin Bulldog na Ingila, sai aka zaɓi wannan jirgi. Wani kamfani da ke Kaduna mai suna AIEP, wanda ke da alaƙa da kamfanin Dornier na Jamus, shi ya yi masa gyare-gyare, aka raɗa masa suna Air Beetle, wanda in an so a fassara sai a ce buzuzun sama. Na gwaji ya tashi a 1989, sa'an nan cikin shekarun 1990 aka harhaɗa guda 60 a Kaduna. Matuƙan soja da yawa a kansa suka fara koyon tashi, kafin a soma shigo da Super Mushshak daga Pakistan a 2016. Wato ke nan maganar ko hannun ɗan ƙasa zai iya wannan aiki ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne a san me aikin ya ƙunsa.

Kayan da fiffike ke ɗauka

Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, faɗin RV-6A ƙafa 23 ne, wato mita bakwai. In an cika shi da mutane da mai nauyinsa ya kai wajen kilo 750. Fiffiken yana da ɗan doro a sama, kuma goshinsa a ɗan ɗage yake, don haka in ya keta iska sai ya karkata ta ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi ƙarfi, shi kuwa ya ɗagu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar ninkawa huɗu yake yi. Ƙasa da wajen mil 55 a awa kuwa fiffiken ba ya iya riƙe jirgin in yana cike da kaya.

Amma kilo 750 ɗin nan nauyin tafiya miƙe ce cikin lumana. In matuƙi ya yi kwana mai tsanani, ko ya cira kan jirgin da sauri bayan ya sulalo, nauyin kan ninka. An tsara fiffiken RV-6A ya jure ninki shida in jirgin bai wuce kilo 625 ba. Mai karatu ya buga lissafin: kilo 3,750 ke nan, kwatankwacin buhun gero 37 a kan fikafikai biyu waɗanda mutum biyu ke iya ɗaukar kowane ɗayansu. Bisa ƙa'idar injiniyoyi kuma sai an ƙara rabin wannan a kai kafin a yarda ƙarfe ya karye. Masu fitar da sabon zane ba sa tsayawa ga lissafin takarda. Kifar da fiffiken suke yi, tun da a sama iska sama take tura shi, su yi ta jibga masa buhunan yashi suna auna yadda yake lanƙwashewa.

Sassan fiffike manya guda uku ne, kuma sunayensu mahauci ma ya sani: ƙashi, da haƙarƙari, da fata. Ƙashin shi ne dogon ƙarfen da ya taso daga cikin jirgin ya miƙe har bakin fiffike. Haƙarƙarin su ne falle-fallen da aka jera a gicciye da shi, tazarar 'yan inci tsakani, su ke ba fiffike siffarsa ta doro. Fatar ta lulluɓe duka. A da yadi ce, domin jiragen sojan Ingila uku da suka fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925 fikafikansu katako ne da aka rufe da yadi aka shafe da wani irin fenti mai sa shi ya ɗame. A jirgin Kaduna kuwa fatar ƙarfe ce, kuma ba rufi kaɗai take yi ba, ita ke hana fiffike murɗewa.

Wanda yake son ya fahimci ƙashin fiffike ya shiga tsohon zaure ya ɗaga kai. Magini ya san azara ɗaya ba ta ƙetare fili mai faɗi in an ɗora mata ƙasa, shi ya sa yakan jera azara bisa azara daga jikin bango, ta ƙasa gajeriya, ta samanta ta ɗan fi ta tsawo, har wajen bango ya yi kauri, tsakiya ta zama falle ɗaya. Ya gane cewa a gindi kaya yake taruwa. Haka ƙashin RV-6A yake. Sanduna ne na alminiyam da aka ɗora bisa juna, jeri ɗaya a sama, jeri ɗaya a ƙasa, da falle a tsaye tsakaninsu. A gindin fiffike sandunan suna da yawa, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya yayin da aka nufi baki. A cikin tafiya jerin sama dannuwa yake yi, na ƙasa kuwa jawuwa. Ƙarzane guda mai zurfi a jerin ƙasan nan, ko huda ɗaya da ta kauce, ya isa ya zama mafarin tsaga.

Ƙarfen da walda ba ta yi masa

A nan ne galibin masu ƙirar gida na ƙasar nan suke tuntuɓe, kuma ba laifin hannunsu ba ne. Alminiyam ɗin da maƙera ke kira goran ruwa, wanda ake narkawa a zuba tukwane da ludaya, ba wanda ya san abin da ke cikinsa, tun da tarkace ne aka tara. Na fiffike kuwa gauraye ne sananne mai lamba 2024, wanda aka sa masa jan ƙarfe wajen kashi huɗu da rabi cikin ɗari, aka gasa shi aka tsoma a ruwa bisa awo, har ƙarfinsa ya ninka na tsantsar alminiyam wajen sau biyar. Saboda wannan ƙarfi ne kaurin fatar fiffike yake kusan daidai da na katin banki, wani wurin ma bai kai ba.

Sai dai wannan ƙarfe ba ya son wuta. In mai walda ya kai masa zafi sai ƙarfin da gashin ya ba shi ya tafi, wurin ɗinkin kuma ya tsattsage yayin da yake hucewa. Don haka ɗinkin fiffike da ribit ake yi, wato 'yar gajeriyar ƙusar da ake zurawa cikin huda a daddaƙe gindinta har ta yi kai na biyu. Jirgi ɗaya yana cin irin wannan ƙusa fiye da 10,000, akasarinsu kaurinsu bai kai milimita biyu da rabi ba. Mutum biyu ke aikin: ɗaya a waje da bindigar iska, ɗaya ya zura hannu ciki ya tokare gindin ƙusar da dunƙulen ƙarfe, kamar 'yar uwar maƙera ta tafi-da-gidanka. Kowace ƙusa tana da ƙa'ida. Faɗin sabon kan ya zama ɗaya da rabin kaurinta, tudunsa rabin kaurinta, kuma tsakanin huda da bakin falle kada ya gaza kauri biyu. Wadda ta karkace haƙe ta ake yi a sake.

Bugun ƙusar ma shi ne ƙaramin aiki. Kafin a kai gare shi sai an haɗa sassan da maƙalai na wucin gadi, an huda, an warware, an bi kowace huda gaba da baya an kankare kaifin bakinta, an lotsa ta yadda kan ƙusa zai shafe daidai da fata, an shafa maganin tsatsa, sa'an nan a sake haɗawa. Ba a zana layi a jikin fallen da ƙusa ko wuƙa, ba a kuma yin amfani da fensir, domin baƙinsa yana cin alminiyam. Mai gaggawa zai ce wannan fiffitika ce. Amsar ita ce abin da kowane yaro ya sani game da waya: in ana lanƙwasa ta gaba da baya, sai ta gaji ta tsinke ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Fiffike ma motsi yake yi duk lokacin da iska ta buge shi, gajiyar kuwa daga bakin huda mai kaushi take somawa. A 1954 jiragen fasinja biyu na Ingila ƙirar Comet sun tarwatse a sama, bincike ya gano gajiyar ƙarfe ce ta tsaga jikinsu.

Akwai kuma maganar murɗiya. Ana kafa ƙashin ne a kan wani tsayayyen katako da aka ɗaure da ƙasa, a rataya igiyoyi masu nauyi a baki irin na magina a gindi da bakin fiffike, a tabbata sun faɗi daidai kafin a ɗinka fata, domin da zarar an ɗinka ta siffar ta zauna ke nan. In fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa ɗaga goshi, jirgin zai riƙa rinjaya gefe. Mafi muni, lokacin sauka da gudu ya ragu, shi zai riga ɗayan sakin iska, jirgin ya juya ya kifa a inda ba sauran tazarar gyara.

Tankin mai

A RV-6A ba wani tanki daban da ake cusawa cikin fiffike. Goshin fiffiken ne kansa, daga gindi zuwa wajen ƙafa huɗu, aka toshe ya zama tanki, ana kuma iya kwance shi da sukuru. Kowane gefe yana cin galan 19 na awon Amurka, wato lita 72, nauyin wajen kilo 52. Dalilan ajiye mai a nan suna da ƙarfi. Ya yi nesa da inda mutane ke zaune. Yana kusa da tsakiyar nauyin jirgin, don haka ƙarewarsa ba ta sa kai ko wutsiya ta rinjaya. Har ila yau nauyinsa yana danne fiffiken da iska ke turawa sama, ya rage wa gindin ƙashi wahala.

Wahalar ita ce, ga tanki an yi shi da falle-falle da ɗaruruwan huda, kuma fetur ya fi ruwa iya bin kafa. Abin da ke liƙe shi wani danƙo ne mai ruwan toka-toka da wari, wanda fetur ba ya narkarwa, masu aikin suka fi saninsa da sunan Pro-Seal. Kashi biyu yake zuwa, a auna goma na wannan da ɗaya na wancan a kan sikeli a gauraya. Irin da aka fi amfani da shi awa biyu yake bayarwa kafin ya fara daskarewa, amma wannan awon ƙasar sanyi ne. A zafin bazarar Jigawa, inda ma'auni kan haura 40, lokacin raguwa yake yi ƙwarai, sai dai a kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe. Kafin a shafa shi tilas a goge ƙarfen tas, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana shi kamawa. A shafa a bakin haƙarƙari, a tsoma kowace ƙusa ciki kafin a buga, a dawo a rufe kanta ta ciki. Masu wannan sana'a sun haɗu a kan cewa ba aikin da ya kai shi ƙazanta a duk jirgin. A da wasu kan nemi sauƙi su zuba wani ruwan liƙi cikin tankin su jujjuya shi ya shafe ko'ina, sai daga baya aka ga yana ɓarewa kamar fatar maciji ya je ya toshe bakin bututun mai, har kamfanin ya gargaɗi masu jiragen su duba su cire shi.

Haƙarƙarin da ke cikin tanki suna aikin shamaki, suna hana mai kwarara gaba ɗaya zuwa baki in jirgi ya karkata. Ana bar musu kafofi a ƙasa don mai ya gangaro gindi inda bututu yake, da wasu a sama don iska ta wuce.

In danƙo ya bushe, bayan 'yan kwanaki, sai gwaji, wanda ba shi da bambanci da na mai faci: a toshe kafofi, a hura iska, a shafa ruwan sabulu a bi kowace ƙusa ana neman kumfa. Amma fa wanda ya kai tankin wurin injin mai faci ya yi asara. Tayar mota tana ɗaukar awo 30 ko fiye, tankin jirgi kuwa awo ɗaya ake ba shi, domin ko wannan ɗayan daidai yake da laba 144 a kan kowace ƙafa murabba'i ta fata. Da tiyo mai ruwa ake auna shi, a lanƙwasa shi kamar ƙugiya, a hura har ruwan ya hau inci 27, a sa alama, a bar shi ya kwana. Wasu balan-balan suke ɗaurawa a bakin bututu. Ko wanne aka bi sai an lura da zafin ɗakin, don ruwan kan hau da rana ya sauka da dare ko da babu yoyo.

Kafar numfashi da sauran ƙananan abubuwa

Mai shayi ba ya huda gwangwanin madara wuri ɗaya, sai biyu, domin in iska ba ta shiga ba madara ba ta fita. Tanki ma yana da siririn bututu na numfashi. Ta nan iska ke maye gurbin man da inji ya sha, ta nan kuma mai ke samun wurin amayarwa in rana ta buge shi, tun da fetur lita 100 kan ƙaru da wajen lita ɗaya duk lokacin da zafi ya hau da awo 10. In kafar ta toshe, famfo zai yi ta zuƙa har tankin ya lotse ko inji ya mutu a sama. Babban mai toshe ta kuwa sananne ne a kowane ɗakin ƙasar Hausa, wato zanzaro, wanda ba abin da yake so kamar ƙaramar kafa da zai cika da laka. Ba abin rainawa ba ne. A watan Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku bayan ya tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu, masu bincike kuma sun fi zaton irin wannan ƙwaro ne ya yi gini cikin bututun auna gudu yayin da jirgin yake ajiye. Shi ya sa ake sa 'yar raga a bakin kafar numfashi, a kuma duba ta kafin kowane tashi.

Hatta inda aka sa mabuɗin da ke sauya tanki yana iya zama ajali. Mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya mutu ran 12 ga Oktoba 1997 cikin wani jirgin haɗin gida ƙirar Long-EZ da ya saya hannun wani. Taswirar ta ce a sa mabuɗin a gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa, amma wanda ya haɗa jirgin ya mai da shi bayan kafaɗar hagu. Da mai ya ƙare a tanki ɗaya, Denver ya juya jiki don ya kai hannu, jirgin ya kuɓuce masa ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya. Domin a kama irin waɗannan kurakurai ne hukumar Amurka take tilasta wa sabon jirgin haɗin gida ya yi gwajin tashi a keɓaɓɓen wuri kafin ya ɗauki fasinja. A Nijeriya ma ba jirgin da ke da iznin tashi sai da takardar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Saura man kansa. Ƙananan jirage masu farfela wani fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, wanda ke da tsada da wuyar samu a ƙasar nan. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da aka yi wa Air Beetle shi ne a sa shi ya iya shan fetur ɗin mota. Wannan ya kawo sauƙi, ya kuma kawo nasa sharuɗɗa. Fetur ɗin mota ya fi saurin zama tururi, tururin kuwa in ya taru cikin bututu mai zafi sai ya tare hanyar mai, abin da tsofaffin direbobi suka sani tun zamanin da ake ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mota. Ga kuma gurɓata: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama, irin wannan sinadari kuwa yana cin roba, yana kuma janyo ruwa. Mota in ta sha ta tsaya gefen titi. Ruwa na iya shiga tanki ko da man mai kyau ne, ta bakin marfi da damina, ko ta raɓar da ke taruwa cikin tankin da ba a cika ba in dare ya yi sanyi. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututu ke zuƙa. Saboda haka a can ƙasan kowane tanki, wajen gindin fiffike, ake sa wata 'yar ƙofar tatsa. Kafin matuƙi ya shiga jirgi sai ya durƙusa ƙarƙashin fiffike ya tatsi mai cikin ƙaramin kofi mai haske, ya ɗaga shi sama ya duba. In ya ga ɗigo ya kwanta a gindi kamar ƙwayar tsakiya, ya zubar ya sake tatsa, har sai man ya fito garau, sa'an nan ya zagaya ɗaya fiffiken.